Tambaya da Amsa: Yadda Ake Sa Fiyano da Kwamfuta Su Yi Tafiya Ɗaya

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma duka ukun daga masu aiki a ɗakunan haɗa sauti suke. Kowane da irin kukansa, amma duk sun taru a kan abu guda, wato yadda za a sa na'urar da ke jera kiɗa da kanta ta yi tafiya ɗaya da manhajar ɗaukar sauti ta kwamfuta.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin situdiyo, ina haɗa kiɗa da fiyano Yamaha PSR-S970, ina kuma ɗauka da manhajar Cubase. Nakan saita saurin kiɗa a kan 120, wato bugu 120 a minti, a fiyano, in saita 120 a kwamfuta, sannan in danna su a lokaci guda. Da farko suna tafiya tare, amma kafin waƙa ta ƙare sai gangar fiyano ta rabu da abin da na jera a kwamfuta, har mawaƙi ya rasa wanda zai bi. Abokan aikina sun ce janareta ne ke jawo haka. Shin gaskiya ne, kuma mece ce mafita?

Daga mai karatu a Fagge, Kano

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Janaretanka ba shi da hannu a wannan matsala. Fiyano da kwamfuta ba sa ƙirga lokaci da wutar da ke shigowa ta soket. Kowanne yana da ɗan ƙaramin dutse a cikinsa wanda ke kaɗawa da sauri tsayayye, irin wanda ke cikin agogon hannu mai batir, kuma da shi yake auna lokaci. Wutar janareta maras kyau tana iya sa maka ƙugi a lasifika, tana iya kashe na'ura ko ta ƙona ta, amma ba ta sauya saurin kiɗa.

Asalin matsalar ita ce agogo biyu kake aiki da su, alhali ba a sarki biyu a gari ɗaya. Lambar 120 da ke fuskar fiyano da 120 da ke fuskar kwamfuta suna ɗaya a rubuce, amma kowace na'ura da yadda take lissafa tata, kuma duwatsun agogonsu ba sa taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari. Mu ƙaddara cewa ɗaya tana tafiya a kan 120 cif, ɗayar kuma a kan 120.05, bambancin da kunne ba zai taɓa kamawa ba a minti na farko. Idan waƙarka ta kai minti 5, tazarar da ke tsakaninsu ta zama milisakan 125 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), kuma a wannan saurin hakan rubu'in bugu ne cur. Ga kuma hannunka, wanda komai ƙwarewarka ba zai danna maɓallai biyu a lokaci ɗaya tak ba. Saboda haka tun daga farawa akwai tazara, sannan tana ƙaruwa a hankali.

An daɗe da samar da maganin wannan. A shekarar 1983 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da yare ɗaya da na'urorinsu za su riƙa magana da juna, wanda ake kira MIDI, bisa jagorancin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan. A cikin wannan yare akwai saƙon da ake kira agogon MIDI. Na'ura ɗaya ce ke zama jagora, tana aika ɗigon ƙirga 24 a kowane bugu, sauran kuma su ajiye nasu agogon su bi nata. A saurin 120, ɗigo 48 ke nan a sakan ɗaya, wato ɗaya a kowane milisakan 20.8. Jagora ba ta faɗa wa mabiyiya lambar saurin. Mabiyiya tana matsawa gaba ne duk lokacin da ɗigo ya iso, kamar yadda mai kalangu ba ya tambayar mai kuntuku lissafi, hannunsa kawai yake saurare. Tunda ƙirga ɗaya ake bi, ko waƙar ta kai awa guda ba za su rabu ba. Lambar 24 ma tana da hikima, domin tana rabuwa gida biyu, gida uku da gida huɗu ba tare da saura ba, shi ya sa kiɗanmu masu tafiyar uku-uku suke zama daram a kanta kamar yadda masu tafiyar huɗu-huɗu suke zama. Tare da ɗigon akwai saƙonnin fara, tsaya da ci gaba, waɗanda za su hutar da hannunka daga danna maɓallai biyu.

A wurinka kwamfuta ce za ta zama jagora, kuma ba ka da zaɓi a kan haka, domin Cubase yana aika agogon MIDI amma ba ya bin na wata na'ura. Ko da ma yana bi, shawarata ba za ta sauya ba. Manhajar da ke ɗauke da muryoyin da aka riga aka ɗauka ba ta jin daɗin a riƙa ja mata sauri daga waje, domin duk ɗan motsin agogo sai ta matse sautin ko ta miƙe shi, ita kuwa fiyano ba ta da wannan nauyi.

Ga yadda za ka yi. Ka haɗa fiyano da kwamfuta ta wayar USB, bayan ka sa direban Yamaha na MIDI, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane fiyano, ko kuma ta wayar MIDI mai haƙori biyar, daga mafitar kwamfuta zuwa mashigar fiyano. A Cubase ka buɗe Project Synchronization Setup, ka je wurin da aka jera inda agogon MIDI zai tafi, ka sa alama a kan tashar da fiyanonka take. A fiyano kuma ka shiga saitin MIDI, shafin System, ka ɗauke Clock daga Internal ka mayar da shi kan USB ko MIDI, gwargwadon wayar da ka yi amfani da ita. A wannan shafin akwai wurin da za ka zaɓi abin da saƙon farawa zai tayar, ko salon kiɗa, wato gangar da fiyano ke maimaitawa da kanta, ko waƙar da aka jera a ciki. Yawancin masu kuka cewa sun saita komai amma ba ta tashi ba, a nan suka yi tuntuɓe.

Abubuwa biyu zan ƙara maka. Na farko, salon kiɗa na fiyano bai san tsakiyar waƙa ba. Akwai saƙon da ke gaya wa mabiyiya inda aka kai, yana ƙirgawa da rubu'in bugu, amma masu jera cikakkiyar waƙa ne ke amfana da shi. Salo kuwa duk lokacin da aka ce ya fara, daga kansa yake farawa. Don haka kullum ka tayar da Cubase daga farkon gaɓa, wato rukunin bugun da kiɗa ke zagayawa a kansa, kada ka tayar daga tsakiyarta, in ba haka ba za su yi sauri ɗaya amma ƙafafunsu su saɓa. Ka kuma bar gaɓa ɗaya ko biyu fanko a farkon aikin, domin wasu na'urori sai sun karɓi ɗigo kaɗan kafin tafiyarsu ta daidaita.

Na biyu, idan ka gama ka mayar da Clock kan Internal. Na taɓa tarar da wani matashi a situdiyo ya cire wayoyi duka, ya naɗe fiyanonsa a bargo zai kai wa mai gyara, domin tun safe yana danna maɓallin farawa ganga ta ƙi tashi, ga mawaƙi da 'yan amshi zaune a kan benci suna jira. Maɓallan suna ba da sauti, fuska tana haske, salo ne kawai ya yi shiru. Muka kwance bargon, muka kunna, muka duba saitin, sai ga shi tana nan tana jiran agogo daga kwamfutar da aka kashe tun daren jiya. Abin ya ba ni tausayi, domin da ya kai ta kasuwa wataƙila da an buɗe mata ciki a banza.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Ni na riga na haɗa injin ganga Korg Volca Beats da manhajar Ableton Live ta wata wayar USB zuwa MIDI da na saya da araha. Suna tashi tare, suna tsayawa tare, ba sa rabuwa. Damuwata ita ce idan na ɗauki gangar sai in ji ta a baya kaɗan, wani lokaci kuma kamar tana ɗingishi, musamman idan na haɗa ta da gangar da ke cikin kwamfuta. Ko injin ne ba shi da kyau?

Daga mai karatu a Damagaram, Jamhuriyar Nijar

Amsa

Barka kadai, ɗan'uwa. Ban ga alamar injinka na da laifi ba. Cuta biyu ka kwatanta a wasiƙa ɗaya, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar aiki. Ta farko jinkiri ce, wato kowane bugu yana makara da gwargwado ɗaya. Ta biyu karkarwa ce, wato wannan bugu ya riga lokaci kaɗan, na gaba ya makara kaɗan, ba tare da tsari ba. Kafin ka taɓa kowane saiti ka fara gano wacce ce ta fi damunka, kuma a nan gani ya kori ji.

Ka share duk abin da ke cikin injin, ka bar sauti ɗaya mai kaifi a kan kowane bugu. Ka ɗauki gaɓa 32, sannan ka faɗaɗa hoton sautin a fuskar kwamfuta har sai kana ganin daidai inda kowane bugu ya fara kusa da layin gaɓa. Ka duba bugu goma a wurare dabam-dabam, ka rubuta tazarar kowanne a takarda. Idan ka samu 14, 14, 15, 14, jinkiri ne tsantsa. Idan ka samu 9, 17, 12, 19, akwai karkarwa a kan jinkirin. Idan kuwa lambar tana hawa daga farko har ƙarshe, to injin ba ya bin agogon kwamfuta ko kaɗan, sai ka koma amsar da na ba ɗan'uwanmu na Fagge.

Jinkiri ba abin tsoro ba ne, domin yana da lissafi. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo. Tana tara shi ne a ɗan rumbu da ake kira bafa, in ya cika ta wuce da shi. A ma'aunin ɗigo 44,100 a sakan, bafa mai 512 tana cin milisakan 11.6, mai 256 tana cin 5.8, mai 128 kuma 2.9, kuma sautin injinka sai ya biya wannan kuɗin shiga kafin ya isa manhaja, ban da ɗan lokacin da injin kansa ke ɗauka kafin ya amsa. Domin ka ji girman abin a jikinka, sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, saboda haka makarar milisakan 10 daidai take da a matsar da makaɗi mita uku da rabi nesa da kai. Kunne yana yafe wannan idan kayan kiɗan dabam-dabam ne. Amma idan ganga biyu masu kama da juna suka faɗi kusan tare, sai ka ji bugun ya yi baki biyu ko ya rasa nauyi, kuma ina zaton abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya ke nan.

Maganinsa shi ne ka rage bafa lokacin ɗauka, ka yi aiki da direban ASIO na akwatin sautinka, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ta kuma fitar da shi, in kana kan Windows, ka kuma kashe kayan gyaran sauti masu nauyi da ka ɗora a kan babbar mafita, domin wasunsu suna riƙe sauti kafin su sake shi. Abin da ya rage sai ka biya shi da saitin da Ableton ya tanada a shafin MIDI, mai suna MIDI Clock Sync Delay: ka ja shi zuwa ƙasa da sifiri gwargwadon lambar da ka rubuta a takarda, domin agogo ya riƙa fita da wuri, sannan ka sake ɗauka ka sake aunawa. Ka tuna cewa duk ranar da ka sauya girman bafa, awon ya tashi, sai an sake. Wanda ba ya son wannan wahala yana iya ɗauka yadda take, daga baya ya ja sautin gaba da hannu, kuma ba aibi ba ne.

Karkarwa ce mai wuyar sha'ani, domin ba a biyan bashin da adadinsa ke sauyawa kowane lokaci. Tushenta shi ne kwamfutar zamani tana hidima da abubuwa da yawa a lokaci guda, kuma saƙon MIDI yana bin layi ne kafin ya fita ta USB, yayin da sauti ke da tasa hanyar mai tsari. Tsofaffin ma'aikata har yau suna yabon kwamfutar Atari ST ta 1985, wadda aka gina mata ramukan MIDI a jikinta kuma a kanta Cubase ya fara fitowa a 1989. Ba ta kai wayar hannunka ƙarfi ba ko kusa, amma ba ta da wani aikin da zai raba mata hankali.

Wayar da ka saya ita zan fara tuhuma, domin araha ba ta ado. Ƙa'idar MIDI ta tanadi wani ɗan ƙaramin sashe a mashiga wanda ke wuce da saƙo ta hanyar haske, don kada wutar na'ura ɗaya ta haɗu da ta ɗayar, kuma da yawa daga wayoyin da ba su da suna ba a sa musu shi ba, wasu ma suna zubar da saƙo idan ya yi yawa. Ka nemi ta kamfanin da aka sani, irin Roland UM-ONE, ko ka yi amfani da ramin MIDI da ke bayan akwatin sautinka in yana da shi. Ka soka ta kai tsaye a jikin kwamfuta, kada ta bi ta mahaɗar USB da ke ɗauke da faifai da linzami. Sannan ka rage cunkoso a kan wayar. MIDI yana tafiya ne da ɗigon bayani 31,250 a sakan, wanda ke nufin saƙon danna maɓalli ɗaya yana cin kusan milisakan guda. In ka tura agogo da kiɗan tashoshi goma ta waya ɗaya maras inganci, kada ka yi mamakin ɗingishi. Inda hali ya yi, agogo ya samu tasharsa shi kaɗai.

Akwai hanyar da ta fi duk waɗannan, kuma kai ka yi sa'a domin injinka yana karɓarta kyauta. Tunda hanyar sauti ce mai tsari, sai a aika agogon ta cikinta. Volca tana da ƙaramin rami mai suna Sync In wanda ke karɓar ƙyas ɗaya a kowane rabin bugu. Ka buɗe layin sauti a Ableton, ka jera gajeren ƙyas mai ƙarfi a kowane rabin bugu, ka tura shi ta wata mafita ta akwatin sauti wadda ba ta zuwa lasifika, ka kai waya daga nan zuwa ramin, ka ɗaga ƙarfinsa har injin ya fara takawa. Wannan ƙyas yana fita tare da sauran sautin waƙar, saboda haka ba ya karkarwa, kuma in ka ga jinkiri sai ka ja layin gaba kaɗan. Sharaɗin kawai shi ne akwatin sautinka ya kasance da mafita fiye da biyu. Masu fiyano da sauran na'urorin da MIDI kaɗai suke ji suna buƙatar akwatin da zai mayar da irin wannan sauti ya zama agogon MIDI, kamar E-RM Multiclock na Jamus ko USAMO na kamfanin Expert Sleepers a Ingila. Suna da tsada, kuma ba zan ce kowa ya saya ba. Wanda ke ɗaukar na'ura ɗaya ya gyara da hannu ba ya buƙatarsu, amma mai kunna na'urori uku ko huɗu a lokaci guda zai ga amfanin kuɗinsa.

Tambaya ta uku

Malam, ina aikin haɗa sauti a finafinai. A manhajata na ga agogon MIDI, na kuma ga MTC. Wanne ya kamata in kunna domin fiyano ta bi hoto? Sannan wata waƙa da aka kawo mini daga wani situdiyo ta ƙi zama a kan bakin 'yan wasa, tana gudu fiye da yadda aka yi rawar.

Daga mai karatu a Jos

Amsa

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Waɗannan biyun tambayoyi dabam-dabam suke amsawa. Agogon MIDI yana faɗin bugu na nawa ake ciki, bai san ƙarfe nawa ba. MTC kuwa, wato MIDI Time Code, yana faɗin awa, minti, sakan da lambar hoto, bai san komai game da saurin kiɗa ba. An samo shi ne daga tsarin lokaci na masu fim da talabijin, yana aika saƙo huɗu a kowane hoto, wato saƙo 100 a sakan idan ana aiki da hoto 25 a sakan. Amfaninsa shi ne haɗa manhaja da manhaja, ko kwamfuta da na'urar ɗaukar sauti, kuma dole ɓangarorin biyu su yarda a kan adadin hoto, ko 24 na silima, ko 25 da talabijin ɗin Najeriya da Nijar suka gada, ko 29.97 na Amurka. Salon kiɗa na fiyano ba ya jin MTC. Abin da za ki yi shi ne ki shigo da hoton cikin manhajar sauti, ki tsara saurin kiɗa a can yadda zai dace da fitowar, sannan manhajar ta aika wa fiyano agogon MIDI. Idan kin sa sauri ya ragu a tsakiyar fitowa, fiyano za ta ragu tare da shi.

Waƙar da ke gudu kuwa, ina kyautata zaton ba maganar agogon MIDI ba ce. Yawancin ɗakunan waƙa suna ɗauka a ma'aunin 44,100, aikin fim kuma a 48,000 ake yinsa. Idan aka jefa fayil na farko cikin aiki na biyu ba tare da an juya shi ba, zai yi sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, muryar mawaƙiya kuma ta ƙara siranta. Ki saurari muryar ki kwatanta da yadda take a wayar da aka turo miki waƙar. In ta fi tsini, to shi ne. Ki sake shigo da fayil ɗin, ki amsa wa manhajar da e lokacin da ta tambaye ki ko ta juya ma'aunin, kuma nan gaba ki roƙi situdiyon su fitar miki da waƙar a 48,000 tun kafin a je wurin ɗaukar rawa, domin fayil ɗin da aka kunna wa 'yan wasa ya zama shi ne wanda zai hau teburinki.